Ni ce na ce mata ta yi haƙuri

Shekarata goma sha bakwai ina aikin sakatariya a wani buro a nan Damagaram, teburina kuma dab da ƙofar darakta yake. Duk mai shiga wurinsa sai ya bi ta gabana, duk mai fitowa ni ke fara ganin fuskarsa. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya nema mini uzurin cewa ban sani ba.

Yarinyar aikin bautar ƙasa ya kawo ta, wannan na shekara biyu da masu digiri ke yi. Kawunta ne ya rako ta da ƙafarsa, don shi da darakta masallaci ɗaya suke salla. Ina ji ya ce, "Alhaji, ga ƴarka nan, amana." Darakta ya ce ai gida ta zo.

Ita Bafulatana, shi Babarbare. To kun san tsakanin Fulani da Barebari. Ranar farko ya ce Allah ya ba shi baiwa kyauta, muka yi dariya, ita ma ta rama da tata. Wasan taubasantaka abu ne mai kyau, ya kashe wutar rigingimu da dama a ƙasar nan, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gadon duniya a 2014. Sai dai yana da ƙa'ida ɗaya, wanda aka yi wa wasan ba shi da izinin fushi. A bayan wannan ƙa'idar darakta ya laɓe. "Baiwata" ta koma "amaryata". Sai riƙe hannu in ta miƙa masa takarda. Sai aikin gaggawa da ba ya tasowa sai an tashi, buro ya watse. Sai kiran waya da tsakar dare. Bai taɓa rubuta mata saƙo ba, ko ɗaya, mutumin ya san abin da yake yi.

Wata Alhamis ta tarar da ni a wurin alwala, jikinta na rawa. Ta ce, "Tanti, yau da makulli ya rufe ƙofar. Sai da na ce zan yi ihu ya buɗe."

Na waiwaya na ga ko wani na jin mu. Sannan na ce, "Ƴata, rage murya. Ki yi haƙuri, saura wata tara ki gama. Ki riƙa sa babban hijabi, kuma kada ki sake shiga in ba na nan." Na koma gida ran nan ina jin na yi aikin lada. Sai da aka jima na lura cewa shawara uku na ba ta, dukansu a kanta nauyinsu ya sauka, shi ko ba a nemi ya canza komai ba.

Me ya sa na yi haka? Maigidana ya yi ritaya, ƴaƴa huɗu ke hannunmu. Darakta ke sa hannu a takardar hutuna. Lokacin da aka kwantar da mahaifiyata, shi ya aiko direba da jika hamsin ba tare da na roƙa ba. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma ba ni kaɗai ba ce, da wuya ka samu wani a buron nan da bai ci wannan ladan ba: wannan an sama wa ɗansa aiki, wancan an rufe masa ɓarnar da ya yi. Mutumin yana da kyauta da gaske, ba zan yi masa ƙarya ba, kuma kyautar ce ta ɗaure mana baki.

Yarinyar ba ta bi shawarata duka ba. Ta gaya wa mahaifiyarta, mahaifiyar ta gaya wa kawu, kawu ya nufi liman. Aka zauna a zaure bayan isha'i, maza huɗu. Ita ba a kira ta ba, wai don a kiyaye mata kunyarta. Darakta ya rantse wasa ne irin na taubasai. Ya ƙara da cewa in zarginsa ake, a ba shi aurenta, yana da gurbi. Kawu ya fito yana ganin an ma girmama shi. Mahaifiyar kuwa abin da ya dame ta shi ne kada dangin saurayin yarinyar su ji, don an riga an kawo kayan tambaya. Aka yi fatiha, aka ce maganar ta mutu a nan, Allah ya rufa asiri. Duk wanda ya zauna a zauren nan mutumin kirki ne, na san su. Asirin darakta suka rufa.

Ba wai babu doka ba ce. Tun 2003 kundin hukunta laifuka na Nijar ya sa irin wannan matsin cikin laifuka, kuma in mai muƙami ne ya yi amfani da ikonsa, hukuncin ɗaurin wata uku ne zuwa ƙasa da shekara, da tarar sefa 20,000 zuwa 200,000. Dokar ƙwadago ta 2012 ma ta haramta shi a wurin aiki. Amma tarar nan ba ta kai abin da darakta ke kashewa a layya ba. Kuma kafin a kai ga tara, sai yarinyar ta je kwamsariya, ta zauna gaban namiji ta bayyana inda aka taɓa ta, unguwa ta ji, sannan ta kawo shaida. Dokar na maganar umurni, ko barazana, ko tilas. Shi kuwa bai taɓa cewa "in ba ki yarda ba, ba zan sa miki hannu ba". Sai dai ya riƙe takardarta sati biyu a aljihun tebur, ya ce ta dawo da yamma. Wannan fa mai digiri ke nan, wadda ta iya karanta dokar da Faransanci. Ƴar aikin gida da mai tallan fura a tasha sai dai Allah.

Shaidar da take da ita ni ce. Ta zo har gidana ranar Lahadi, ta zauna a bakin tabarma, ta ce, "Tanti, in na kai ƙara, za ki faɗi abin da kika gani?" Na ce, "Ƴata, ai ban ga komai da idona ba, ƙofar a rufe take." Ban yi ƙarya ba ko kalma ɗaya, kuma har yau ban faɗi abin da ya kai wannan muni ba. Ta ce, "Haka ne, Tanti." Ta sha ruwan da na ba ta, ta tafi.

Bayan sati uku aka mayar da ita wata ma'aikata, bisa "buƙatarta". Ni na buga takardar a kwamfuta. A buro aka yi ta cewa ƴan matan yanzu ba su san wasa ba. Direba ne ya ce mini a ɓoye ita ce ta uku da ya sani. Na yi shiru, don lissafina ni huɗu ne. Da aka yi wa darakta ƙarin girma zuwa Yamai, muka haɗa kuɗi muka saya masa babbar riga, ni na dafa shinkafar walimar.

Bara na gamu da ita a kasuwar Dole, da goyo a bayanta. Ita ta fara gaishe ni, har da rusunawa, ta tambayi jikin mahaifiyata. Ta ce ƙanwarta na gama jami'a bana, ana nema mata wurin bautar ƙasa. Na yi saurin cewa sabon daraktanmu mutumin kirki ne, ban taɓa jin wani abu a kansa ba. Ta gyara goyonta, ta ce, "To madalla. Ƙofar fa, Tanti, har yanzu da makullin ta ciki?"

Na ce mata yana nan.