Wa zai ɗauki hoton ungulu kafin ta ƙare?

Kusan kowane ɗan firamare a garin nan ya san cewa sunan Kaduna daga kadduna aka samo shi, wato jam'in kada. Amma in ka tambaye shi inda ya taɓa ganin kada, ɗayan biyu ne: ko dai a killace a wurin shaƙatawa na Gamji, ko kuma a talabijin, inda wani kadan ƙasar Kenya ke fisgar dabbar da ta zo ƙetare kogin Mara. 'Ya'yana ma haka suke. Sun san zakin Serengeti da halayensa, sun san yadda damisa ke hawa itace da nama a baki, amma ba su taɓa ganin ungulu da idonsu ba. Ni kuwa na tashi ina ganin ungulaye jere a kan rufin mayanka, har mahauta na korarsu da sanda. Yau ka taso daga Kawo ka bi ta Unguwar Rimi, ka gangara Kabala bakin kogi, da wuya idonka ya faɗa kan ko da guda ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ta ɓace shiru, ba mai shaida. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafa halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sanya irin ungulunmu ta cikin gari a sahun waɗanda ke dab da shuɗewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: farautarta domin sayar da kanta da sauran sassanta ga masu tsibbu, da gubar da ake zubawa a mushe, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kansu. Wanda ya ɗauki wannan ƙaramar asara, ya dubi Indiya. Daga shekarun 1990 ungulayen can suka yi ta mutuwa saboda wani maganin shanu mai suna diclofenac, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka haramta ba dabbobi maganin. Ashe da Bahaushe ya ce ungulu ba ta jewar banza, aikin ma'aikatan tsafta take yi mana, ba ko sisin albashi.

Fim ya taɓa ceton daji. A 1959 Bajamushen nan Bernhard Grzimek ya fitar da fim ɗinsa kan Serengeti, ya ci kyautar Oscar, ya kuma jawo hankalin duniya ga dajin, har ya zama abin da Tanzaniya ke tinƙaho da shi a yau. Ɗansa Michael ya rasu a bakin aikin, lokacin da ɗan jirginsa ya yi karo da ungulu a sama. Shirin Blue Planet II na BBC, wanda David Attenborough ya gabatar a 2017, ya sa mutanen Birtaniya suka fara ƙyamar robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar. Sai dai ina da ja a kan irin waɗannan finafinai. Suna nuna daji kamar ba ɗan Adam a cikinsa, ba makiyayi, ba manomi, ba mai neman itacen girki. Shi Grzimek ma ra'ayinsa ke nan, cewa kada mutum ya zauna a gandun namun daji, kuma a zamaninsa ne aka fitar da Masai daga Serengeti. In muka kwaikwayi wannan salo a nan, manomin da giwa ta cinye wa dawa a gefen Yankari zai kalla ya ce ba da shi ake ba.

Ba baƙi ba ne mu a harkar wayar da kai ta hoto. Iyayenmu suna ba da labarin majigi, motar da ke shiga ƙauye da dare a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, da yadda fim ɗin Baban Larai ya koya wa manoma gyaran noman auduga. A garin nan aka kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a 1962. Ga Kannywood, ga tashar Arewa24, ga matasa masu haɗa bidiyo da waya su tara dubban masu kallo cikin yini guda. Kayan aiki da masu kallo duk akwai. Abin da ba mu yi ba shi ne juya kyamarar ta kalli abin da ke shawagi a samanmu.

Za a ce ai dazuzzukan ba su shiguwa. Gaskiya ne. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya zama na tarayya a 1999, an san shi da giwaye da gwanki, amma shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun sa ba zan tura ɗalibina can da kyamara ba, ko nawa za a biya. To amma wa ya ce sai an je can? Shamuwa tana zuwa kowace shekara ta yi wa manomi albishir da damina, sannan ta koma kudancin Afirka. Balbela tana bin shanu a bakin kogi. Gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, yau ka fi ganinsa a farfajiyar gidajen masu hali fiye da fadama, kuma yadda ya baro fadama ya shigo keji labari ne da ya isa fim guda. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma sun ragu zuwa 49 a 1996, daga baya suka haura 600, kuma a cikin gonakin mutane suke kiwo. Wannan shi ne irin labarin da ya dace da mu, mutum da dabba a fili ɗaya.

Kuma da Hausa za a yi shi tun daga tushe, ba a ɗauko na waje a ɗora masa murya ba. Tsohon masunci ya san ramin da kada ke ƙwai da watan da yake yi. Maharbi ya san sawun mazo da na gada. Tsohon mahauci zai iya gaya maka lokacin da ya daina ganin ungulu. Waɗannan mutane tsufa suke yi, kuma ba wanda ke naɗar maganarsu. A jami'o'inmu ɗaliban aikin jarida da na nazarin halittu masallaci ɗaya suke salla, wurin mai shayi ɗaya suke zama, amma kowa na rubuta kundin kammala karatunsa shi kaɗai, a ɗaure shi da baƙar fata a jibge a kanta. Da za a haɗa biyu daga nan, biyu daga can, a ba su zango ɗaya da kyamara ɗaya, da mun sami fim na minti 15 da za a nuna a makarantun Malali da Badarawa.

Sharaɗi biyu zan gindaya wa duk wanda zai ɗauki aikin. Kada ya nuna ƙauye ko itacen da ya sami sheƙa, domin masu farautar ma suna da waya. Sannan ya shirya zaman jira, domin ungulu ƙwai ɗaya tak take yi, da rani, kuma takan kwanta a kansa kusan kwana 50 kafin ya ƙyanƙyashe.