Na bar jaki ina dukan taiki

A daren wata Laraba cikin watan Yulin 2024 na goge wa ɗan yayata aikin da ya kusan shekara yana yi. Ba kuskuren hannu ba ne. Na zauna ne da niyya, na rufe ƙofar shago, na wanke kwamfutar tas, ina ganin magani nake yi. Na daɗe ina jin nauyin ba da wannan labari, amma na ga masu sana'a irin tawa suna ƙaruwa a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa, kuma ramin da na faɗa yana nan a buɗe.

Ina da ɗan shago ba nisa da tashar jirgin ƙasa, inda nake gyaran kwamfuta da rana, da yamma kuma samari su cika shi suna buga gem. A ƙarshen 2023 wani abokina da ke aiki a Ingila ya aiko mini da tabarau na VR, samfurin Quest 2, na hannu amma lafiyayye. Wanda bai taɓa sa shi ba zai yi wuya ya gane abin da ake nufi. Kana ɗaura shi a fuska sai shago ya ɓace, ka tsinci kanka a cikin wasan, in ka waiwaya ka ga abin da ke bayanka, in ka ɗaga kai ka ga sama. Matsalar ita ce wasannin da aka ƙera musamman dominsa ba su da yawa a hannuna, kuma saye da dala ake yi. Abin da nake da shi tuli su ne wasannin da aka saba bugawa a kan allon kwamfuta.

Akwai manhajojin da aka yi don cike wannan giɓi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe ita ce vorpX, ta wani Bajamushe mai suna Ralf Ostertag, kuma a lokacin sayar da ita ake yi. Sai kuma UEVR, wadda wani mai shirya manhaja da aka sani da laƙabin praydog ya saki kyauta ranar 1 ga Janairun 2024, ranar da mu nan hankalinmu ke kan bikin Afan a Kagoro. Ita wannan tana aiki ne da wasannin da aka gina a kan Unreal Engine, injin da dubban wasanni ke tafiya a kansa. Yadda take yi shi ne, ka buɗe wasan kamar kullum, sai ka danna mata ta kutsa cikinsa yana tsaka da aiki, ta tilasta masa zana hoto biyu maimakon ɗaya, na idon dama da na idon hagu, sannan ta ɗaura kyamarar wasan a kan motsin kanka. Samari kullum tambayarsu ta farko ita ce ko za a iya buga ƙwallo da shi. FIFA dai a kan wani injin daban aka gina ta, Frostbite, don haka ba ta shiga. Abin da ya karɓu a shagona shi ne Ace Combat 7, wasan jiragen yaƙi na 2019. Mutum ya zauna a kan bencin katako a Kafanchan, ya leƙa gefe ya ga fiffiken jirgi da gajimare a ƙarƙashinsa. Na ga magidanci da gemu ya riƙe gefen benci gam yana salati.

Sai dai wannan aiki yana cin ƙarfin kwamfuta fiye da yadda na ɗauka a lokacin. Allon da aka saba yana da ɗigon hoto wajen miliyan 2. Quest 2 yana da 1832 sau 1920 a kowane ido, wato sama da miliyan 7 in an haɗa. A kan allo, in wasa yana ba da hoto 40 a daƙiƙa ba wanda zai yi ƙorafi. A cikin tabarau kuwa ana son aƙalla 72, wato kowane hoto ya kammala cikin ƙasa da kashi 14 cikin dubu na daƙiƙa. In kwamfuta ta gaza, hoton sai ya riƙa tsalle, ka juya kai duniya ta biyo ka a makare. Ido ya ce wa ƙwaƙwalwa abu ɗaya, cikin kunne inda ma'aunin daidaiton jiki yake ya ce wani, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya.

Wata uku na farko lafiya lau. Laftof ɗina mai katin hoto RTX 2060 tana ɗauka in an rage wasu saituna. Ɗan yayata, wanda ke shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi ta Gidan Waya, shi ke tsare mini shago in ya dawo daga makaranta da kuma ƙarshen mako. Shi ke ɗaura wa mutane tabarau, ya goge gilashin, ya karɓi kuɗi ya rubuta a littafin ciniki. Ba shi da kwamfutar kansa, don haka in an tashi da dare a kan tawa yake buga aikin bincikensa na kammala karatu. Na san da haka sarai. Ni na ba shi izini.

A watan Mayu abin ya fara. A ɗaura wa mutum tabarau, komai sumul, bayan minti ashirin ko talatin sai hoto ya fara karkarwa. Wata rana da safe ba ya yi sam, da yamma ya yi. Wani yaro ɗan sakandare ya cire tabarau ya fita da gudu ya yi amai a bakin kwata, uwarsa ta zo har shago ta yi mini faɗa, kuma tana da gaskiya. Ciniki ya fara ja da baya.

Ba abin da ban taɓa ba. A satin da matsalar ta fara na sabunta direban katin hoto, don haka shi na fara zargi, na mayar da tsohon. Bai hana ba. UEVR tana ba ka zaɓi tsakanin OpenXR da OpenVR, na gwada wannan na gwada wancan. Tana da hanyoyi uku na zana hoton ido biyu, ko a tare, ko ɗaya bayan ɗaya, ko kuma a riƙa karɓa-karɓa, duk na bi su. Na sayi sabuwar wayar USB mai tsada. Na kwance laftof na hure ƙurar da hunturu ya tara a fankarta. Na ƙona data ba adadi ina kallon bidiyon Turawa, kowa da maganin da yake rantsuwa a kai. Babban aibin aikin nawa shi ne ina canza abu uku ko huɗu a lokaci guda, kuma ba na rubuta komai. In aka yi sa'a wasan ya yi minti goma sha biyar lafiya sai in ce na gano, in kashe in tafi gida.

Wata yamma muna rufe shago yaron ya ce mini, “Kawu, ni fa ina ganin kamar cajar nan ce. Batir yana sauka ko da an jona ta, kuma tana zafi har ba a iya riƙe ta.”

Ban ko ɗago kai ba. Na ce masa caja wuta kawai take bayarwa, ba ruwanta da hoto, in fitilarta ta kama to shi ke nan. Na ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ya ce, “To, Kawu.” Bai sake tayar da maganar ba.

Bayan sati biyu manhajar tsaron Windows ta fito da jan gargaɗi, ta ce ta kama wani abu mai haɗari a cikin jakar UEVR. Yanzu na san cewa wannan abu ne da aka saba gani. Manhajar da ke kutsawa cikin wata tana tsaka da aiki, dabararta iri ɗaya ce da ta bairos, shi ya sa masu gadin kwamfuta kan yi mata kuɗin goro. A ranar kuwa ban tsaya karanta sunan fayil ɗin ba. Na tuna yaron yana kawo filas daga shagunan buga takardu na bakin makaranta, sai zuciyata ta haɗa lissafi nan take. A gaban samari huɗu na ce masa shi ya kwaso mini cuta, ya kashe mini kasuwa, kuma don ya rufe laifinsa yake laɓewa da maganar caja. Ya ce, “Wallahi Kawu ina duba filas ɗin kafin in buɗe.” Na ce ya tashi ya bar mini shago. Ya ɗauki jakarsa ya fita, idonsa ya kawo ruwa.

A daren na yi fomat. Kwamfutar ta tambaye ni ko in bar fayiloli ko in share komai, na zaɓi share komai, don ina son in kashe cutar har saiwarta. Na tuna da aikinsa, wannan ba zan ɓoye ba. Na ce a raina ai yana da shi a filas. Waya tana aljihuna, kiran minti ɗaya ne, amma fushi ya hana ni. Na kwana ina sauke Windows da direbobi da wasanni. Da hantsi na ɗaura tabarau na tashi jirgi. Minti ashirin da biyar, hoto ya fara karkarwa kamar yadda ya saba.

Ina zaune jiki a sanyaye na jawo littafin ciniki don in ga asarar da na yi a watan. A gefen kowane shafi, da jan biro, akwai wasu ƙananan lambobi da ban taɓa lura da su ba. Yaron ya riƙa rubuta lokacin da aka ɗaura wa mutum tabarau, da yawan cajin batir a lokacin, da lokacin da hoto ya fara tsalle, da cajin da ya rage. Sati biyar yana wannan. In an fara da batir cike, a daɗe. In an fara da rabi, ba a jimawa. Amma lambar ƙarshe kusan ɗaya ce kullum, batir na sauka wajen kashi 30 abin ke farawa.

Na sunkuya na ciro cajar daga ƙarƙashin tebur na juya bayanta. An rubuta 19.5V da 4.62A, wato wat 90. Na tono tsohuwar daga kwalin tarkace, wadda ta ƙone a farkon Mayu ranar da wuta ta dawo da ƙarfi. Ita an rubuta 19.5V da 9.23A, wat 180. Rabi cif. Ni na je kasuwa da kaina na ce a ba ni mai irin wannan bakin, aka ba ni, na ga ta yi araha na yi murna. Mai shagon bai cuce ni ba, abin da na tambaya ya ba ni. Katin hoton kaɗai in ya ɗau zafi yana iya shan kusan abin da cajar ke bayarwa gaba ɗaya. Sai laftof ta riƙa cike giɓin daga batir, in batir ya yi ƙasa ta rage wa katin gudu don ta tsira. A wasan allo ba a gane ba, domin ba ya jan wuta haka. Tabarau ne ya tona asirin. Na sa aka aiko mini da caja mai wat 180 daga Jos a motar haya, na jona, na yi awa biyu a sama hoto bai motsa ba.

Kafin cajar ta iso yaron ya riga ya zo, bisa umarnin uwarsa, wai ya ba ni haƙuri. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce in ba shi dama ya kwafi aikinsa ya tafi. Abin da ke filas ɗinsa babi ɗaya ne, na tun watan Maris. Sauran babi uku, da jadawalin amsoshin da ya bi makarantun firamare na ƙauyuka a kan acaɓa ya tattaro, duk a kwamfutata suke. Na gwada manhajojin dawo da fayil har uku. Da tsohon faifai mai juyawa ne da an sami wani abu, amma ma'ajiyar SSD da zarar an share abu takan goge gurbinsa da kanta, ga shi kuma na tula wasanni a kai. Ko shafi ɗaya bai dawo ba.

Na je gidan yayata bayan la'asar, na same ta tana tankaɗen gari. Na ce, “Yaya, ni ne da laifi daga farko har ƙarshe. Yaron nan gaskiya ya faɗa mini na ƙi ji, na yi masa ƙazafi, na kuma ɓata masa aiki.” Ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya ta ce, “A gaban mutane ka kunyata shi, a gabansu za ka wanke shi.” Washegari da yamma na tara samarin nan huɗu da duk wanda ke shagon, na ɗaga caja biyun, na buɗe littafin na nuna musu jan rubutunsa, na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe. Allah ya sa takardun tambayoyin na asali suna nan a cikin wani buhu a ɗakinsa. Sati shida muka yi, ni ina karanto lambobi yana bugawa, har ya sake gina aikin. Bai samu miƙawa tare da 'yan ajinsu ba.

Na sha tambayar kaina me ya sa na tsallake abu mafi sauƙi. Ina ganin don na fi son matsalar ta zama babba ce, irin wadda sai gwani, ba caja ta 'yan dubbai da ni na sayo ba. Yarda da maganarsa na nufin yarda cewa ni na jawo, kuma yaron da nake koya wa aiki ya riga ni gani. Shi kuwa bai san sunan ko ɗaya daga cikin saitunan da nake juyawa ba, ya dai zauna ya lura ya rubuta, wanda shi ne ainihin aikin mai gyara. Yanzu duk na'urar da aka kawo mini, daga bango nake farawa: soket, caja, waya, zafi, sannan manhaja. Abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda, in rubuta, in jira ya wuce lokacin da matsalar ta saba fitowa. Kuma ba na share kwamfutar kowa, har tawa, sai na kira duk mai ajiya a cikinta na kwafe masa kayansa yana gani.

Ya gama makaranta, yana koyarwa a wata firamare ta hanyar Kwoi. In ya shigo gari yakan biyo ta shago mu gaisa, wani lokaci ya ɗaura wa yara tabarau kamar da. Na saya masa laftof ta hannu da kuɗin cinikin tabarau na wata huɗu, ya karɓa ya yi godiya. Har yau bai sake ajiye ko takarda ɗaya a kwamfutata ba.