Sa Hannun Tsofaffin 'Yan Wasa da Lissafin da Na Ji Kunyarsa

A ƙasan durowar littattafaina akwai wani tsohon kwalin takalmi da iyalina suka daɗe da daina tambayata abin da ke cikinsa. Katuna ne ƙanana, kowanne bai cika tafin hannu ba, ɗauke da hotunan mutane riƙe da sanduna masu lanƙwasa a baki. 'Yan wasan hokin ƙanƙara ne, dukkansu sun daɗe da yin ritaya, da yawa ma sun mutu, kuma a kan kowane kati akwai sa hannun mai hoton. Na san mai karatu zai ce me ya haɗa kifi da kaska, Bahaushen da ya tashi bai san ƙanƙara ba sai ta cikin firji da wannan wasa na mutanen sanyi.

Karatu ne ya haɗa mu. A shekarar 2010 na je wani gari a lardin Ontario na ƙasar Kanada neman digiri na uku, na kama hayar ɗaki a gidan wani dattijo da matarsa ta rasu. Duk daren Asabar sai ya kira ni falo mu kalli shirin Hockey Night in Canada na tashar CBC. Da farko ko ɗan baƙin faifan robar da suke kora ba na iya bi da ido. Sannu a hankali na gane cewa mutum shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron raga, kuma zango uku ake yi, kowanne minti 20. Bayan wasu watanni, da ya ga na fara ihu a inda ya dace, sai ya fito mini da kwalinsa.

Ya ba ni labarin yadda kamfanin O-Pee-Chee, da ke birnin London na Ontario, yake sayar da katunan tare da cingam, yara suna musayarsu, wasu ma suna maƙala su a ƙafar keke don jin ƙara. A yau abin ya zama babbar kasuwa. Kamfanoni irin su PSA suna duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba mai tauri. A 2021 an sayar da katin farko na Wayne Gretzky, bugun 1979, kan dala miliyan 3.75. Dattijon bai taɓa sha'awar wannan ɓangare ba. Shi ta gidan waya yake tara nasa, kuma wannan hanya ya koya mini.

Tsarin mai sauƙi ne. Za ka rubuta wa tsohon ɗan wasa wasiƙa da hannunka, ka sa kati a ciki, ka haɗa da wani ambulan mai ɗauke da adireshinka da kan sarki, don kada ka ɗora masa ɗawainiya. Daga nan sai jira: mako uku, wata shida, wani lokaci har abada. Mai gidan nawa ya gindaya mini sharuɗɗa biyu. Kada in aika fiye da kati biyu, kuma kada in rubuta wa mutum sai na karanta tarihinsa, na sami abu guda na gaskiya da zan faɗa masa game da wasansa.

Da na tambaye shi dalilin da ya sa yake fifita waɗanda suka yi ritaya, sai ya ce masu tashe ba su rasa mai tunawa da su ba. Ya kuma bayyana mini cewa 'yan wasan zamanin da ba su ga kuɗin da na yanzu suke gani ba. Sai da Carl Brewer da wasu tsofaffin 'yan wasa, ciki har da Gordie Howe, suka kai ƙara kan rarar kuɗin fanshonsu, kotu a Ontario ta ba su gaskiya a 1992. Alan Eagleson, wanda ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar 'yan wasan gasar NHL, ya amsa laifin zamba a 1998 aka ɗaure shi. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Mutumin da dubbai suka yi wa tafi a jiya, yau yana iya zama tsohon da yake leƙa akwatin wasiƙa kowace safiya.

Na rubuta wa da yawa, mafi yawansu waɗanda ba su yi suna ba, kuma na sha mamakin amsoshinsu. Wani ya cika shafi biyu yana tambayata yadda damina take a ƙasarmu. Wani ya ce shekara da shekaru ba wanda ya tuna masa wani wasa da na ambata. Katin da ya fi kowanne daraja a wurina kuwa kyauta ce daga mai gidan: na Jean Béliveau, kyaftin ɗin Montreal Canadiens, wanda ya ci kofin Stanley sau 10 yana ɗan wasa. An san shi da amsa wasiƙun masoyansa da kansa, da kuma sa hannun da kowa zai iya karantawa harafi bayan harafi.

Ranar 2 ga Disamba, 2014, Béliveau ya mutu. Mai gidan yana falo idanunsa sun yi ja. Ni kuwa, kuma wannan shi ne abin da na daɗe ina ɓoyewa, da na koma ɗaki abin da na fara yi shi ne buɗe kwamfuta in duba ko farashin katin ya tashi. Ban yi niyyar sayarwa ba, hannuna ne kawai ya riga tunanina. Masu wannan harka duk sun san lissafin: ranar da hannu ya daina rubutu, abin da ya bari sai ya ƙara tsada. Na kuma lura da wani abu da ya fi wannan ɗaci. Sa hannun Béliveau ba ya cikin mafiya tsada, saboda bai cika hana kowa ba. Kasuwa ƙarancin abu take sakawa, don haka mai rowa ya fi mai karamci farashi a wurinta.

Bayan 'yan watanni wata wasiƙa ta ƙarasa abin da wannan dare ya fara. Na rubuta wa wani mai tsaron baya da ya yi wasa a shekarun 1970, sai matarsa ta amsa. Ta ce mijinta ya daina gane mutane da yawa, amma da ta karanta masa wasiƙata ya yi murmushi, ya nemi alƙalami. Sa hannun ya zo a karkace, harafin ƙarshe bai ma cika ba. Ta ƙara da cewa sun kusa daina amsa wasiƙu, domin sau da yawa katin da ya wahala ya sa wa hannu, bayan mako guda sai jikansu ya gan shi a intanet an sa masa farashi.

Ban san ainihin ciwonsa ba, ita ma ba ta faɗa ba, amma na san irin wasan da tsararsa suka yi. Sai a 1979 gasar NHL ta wajabta hular kwano, shi ma ga sababbin shiga kawai, har Craig MacTavish ya ci gaba da wasa kai a buɗe zuwa 1997. Daga baya likitoci sun gano cutar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE, wadda yawan buguwar kai ke jawowa, a jikin Stan Mikita da ya mutu a 2018, da Henri Richard da ya mutu a 2020, mutumin da ya ci kofin Stanley sau 11. Tun daga ranar, duk sa hannun da na gani yana rawa sai in tuna abin da mai shi ya biya kafin hotonsa ya hau kati.

Ba na zargin ciniki a kan kansa. Tsohon ɗan wasan da ya zauna a wurin baje kolin katuna yana karɓar kuɗi kafin ya sa hannu, haƙƙinsa yake karɓa, kuma wataƙila da shi zai sayi magani. Kamfanonin tantancewa ma suna da amfani, domin jabu ya yi yawa, har hukumar FBI ta Amurka ta gudanar da bincike mai suna Operation Bullpen a ƙarshen shekarun 1990 kan masu ƙirƙirar sa hannun bogi. Abin da nake ƙi shi ne ɗan kasuwa ya sa rigar masoyi, ya karɓi kyauta da sunan ƙauna alhali riba ya nufa. Wannan yaudara ce, ko da babu dokar da ta hana ta.

An gwada ni a kan wannan ra'ayi a 2022, lokacin da yajin aikin jami'o'i ya kai wata takwas, albashi ya tsaya, kuɗin makarantar yara kuma bai tsaya ba. Na zazzage kwalin a kan tabarma na kasa shi biyu. Katunan da na saya da kuɗina a shaguna na ba wani aboki mai tafiya Kanada ya sayar mini, kuma sun rufa mini asiri na ɗan lokaci. Waɗanda suka zo mini ta gidan waya na mayar da su kwali. Matata ta tambaye ni bambancin, na ce waɗancan na saya, waɗannan kuwa amana aka ba ni. Ta yi shiru, ban sani ba ko ta gamsu.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka na fita da cikakken maki. Bayan dawowata gida a 2016, sau ɗaya tak na rubuta wa dattijon da ya koya mini wannan duka. Kullum ina cewa sai na sami natsuwa in yi masa doguwar wasiƙa. Wata rana saƙon 'yarsa ya iso cewa ya rasu, kuma har kusa da ƙarshe yana tambaya ko an ji daga ɗalibin nan na Nijeriya. Na rubuta wa baƙi da dama da ban taɓa gani ba don kada su ji an manta da su, na manta da tsohon da na zauna ƙarƙashin rufinsa shekara shida.

A kwalin nan akwai sa hannun mutanen da suka ɗaga kofuna, babu ko layi ɗaya na rubutun hannunsa. A makon jiya na nemi adireshin malamin da ya koya mini karatu a aji ɗaya na firamare. An ce yana raye, idanunsa ne suka yi rauni, don haka ba wasiƙa zan aika ba. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, da ƙafata zan je.