Daga Kalgo Zuwa Gwandu: Haƙorin Da Ya Fita Ba Ya Dawowa

Kalgo ƙaramin gari ne kusa da Birnin Kebbi, kuma a yankinsa ne mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake. Daga can muka tashi, mu ɗalibai shida, muka nufi Gwandu lokacin kaka, domin ziyartar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu, wanda ya jagoranci yammacin Daular Sakkwato daga wannan gari.

Bayan la'asar muka ji kalangu na tashi a bayan gari, muka bi sautin har filin dambe. Samari sun ɗaure hannu da zare, ana ta kirari. A turmi na biyu wani matashi ya sha naushi a baki, ya tofar da jini tare da haƙorin gaba. 'Yan kallo suka yi sowa, shi kuwa ya tafi gida da giɓi.

A damben zamani ba a barin ɗan wasa ya shiga fage sai da robar kare haƙora a bakinsa. Robar tana rufe haƙoran sama, ta rage ƙarfin bugu, ta hana haƙora yanka leɓe. Akwai mai sauƙin kuɗi da ake tsomawa a ruwan zafi, a cije ta, ta ɗauki siffar bakin mutum. Wasu 'yan wasan besbol a Amurka ma suna sawa, saboda ƙwallonsu tauri gare ta. Robar ba ta ƙara wa kowa ƙarfi, amma in ta zauna daidai ba ta hana numfashi, kuma wanda ba ya tsoron karyewar haƙori ya fi sakin jiki a wasa.

Ƙannenmu masu kokawa da ƙwallon ƙafa, ku ma gwiwar hannu ko karo na iya samunku. Haƙorin girma in ya fita, wani ba ya tsirowa. Idan hakan ta faru, ku ɗauke shi ta samansa, kar ku taɓa saiwar, ku jefa shi cikin madara, ku garzaya wurin likitan haƙori kafin awa ɗaya ta wuce. Sau da yawa ana iya mayar da shi.

Ku tambayi malamin wasanninku yadda za ku sami robar tun kafin gasar makarantu ta zo.