Tsakanin Rawani da Hular Kwano

Duk wanda ya ce zafi kawai ya sani game da ƙasar Sakkwato, to bai taɓa wayar gari a bakin gulbin Rima cikin watan Janairu ba. Mu da muka tashi tsakanin Wurno da Raba da Goronyo mun san sanyin fadama daban yake da na tudu. Da zarar iskar hunturu ta taso daga hamada, ta bi ta kan lambunan albasa da tafarnuwa da alkama masu shan ruwan madatsar Goronyo, sai ka ga ƙato yana karkarwa kamar mazari.

Da asuba ma'aunin zafi yakan sauko ƙasa da digiri 15, abin da Bature zai ji ya yi dariya. To amma shi bai hau mashin da rigar yadi guda ɗaya ba. Jikin mutum yana da ɗan ɗumin da ke kewaye da fatarsa, iska kuwa aikinta ta share wannan ɗumi, saboda haka duk yadda gudun mashin ya ƙaru, haka sanyin yake ƙara shiga ƙashi. Kunne ne yake fara mutuwa, sai hanci, sai yatsu, har mutum ya kasa matse birki yadda ya kamata.

Kuma a daidai wannan lokaci ne talaka yake kan hanya. Mai lambu zai kai kaya kasuwar Acida, malamin makaranta zai shiga ƙauye, ɗan kabu-kabu ya ɗauko mai jinya zuwa asibiti a birnin Sakkwato. Kowa da dabararsa. Wani ya cusa kwali ko leda a ƙirji ƙarƙashin riga, wani ya zura safar ƙafa a hannu, wani ya samo hular sanyi ta gwanjo, dattawa kuma su sa haɓar-kada su toshe kunne. Amma sarkin dabarun shi ne rawani, a naɗa shi a ja amawali har bisa hanci, sai idanu kawai. Hular kwano kuwa, in ma akwai ta, tana rataye a kan mashin tana lilo.

Mai karatu zai tuna cewa ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa masu mashin da fasinjojinsu sanya hular kwano. Abin ya faɗo a tsakiyar hunturu. A Kano har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka, labarin ya zagaya duniya ana dariya. Fasinjoji kuma wasu suka ce suna tsoron ƙyasfi da makero, wasu suka ce ana sa asiri a ciki. A wajenmu akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba, wanda na ji daga bakin wani kawuna da ya daɗe yana kabu-kabu. Na tambaye shi, "Kawu, don me ba ku son hular nan?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kwanon ga kai shika tsarewa, ba shi tsare kunne. Haɗari wata rana na, ɗari ko kullum sahe na."

Maganar Kawu ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin ta bayyana halin ɗan Adam. Abin da jiki yake ji yanzu shi ake gudu, wanda ba a gani ba sai a bar wa Allah. Sai dai kwalta ba ruwanta da rawani, komai kaurinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage mummunan raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100.

Ashe ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Turai, masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara suna sa hular kwano cikin sanyin da ruwa ke daskarewa. A watan Disamba na 2013, shahararren mai tseren motar nan na Jamus, Michael Schumacher, ya faɗi a tsaunukan Faransa yana wannan wasa, kansa ya bugi dutse, likitocinsa suka ce ba don hular ba da bai iso asibiti da rai ba. Su abin da suka gano shi ne, ba a sa hula mai kauri a ƙarƙashin kwano. Wata 'yar siririyar hula suke sawa mai kama kai ta rufe kunne da wuya, sannan kwano ya hau ya zauna daram.

Wannan darasi bai fi ƙarfinmu ba. In aka ɗora kwano a kan naɗin rawani, to ajiye shi aka yi ba sawa ba, kuma shi zai riga mutum isa ƙasa. Abin yi shi ne a samu ƙyalle mara kauri ko siririyar hular sanyi a rufe kunne, a sa kwano, a ɗaure igiyarsa a haɓa yadda yatsa biyu kawai za su shiga. Shi kuma rawanin a sauko da shi wuya, domin ta nan iska ke kutsawa, a cusa jelarsa cikin riga. Jelar da aka bari tana kaɗawa tana iya shiga taya ko sarƙa ta fizgo mutum ta wuya. In numfashi ya dusashe gilashin, a ɗan ɗaga shi kaɗan, kada duhun hazo ya haɗu da duhun gilashi. A shafa man kaɗe a leɓe da hannu, a nemi safar hannu, kuma yaron da ake ɗorawa a kan tanki a tuna shi ne yake fara karɓar iskar.

Saura magana mai ciwo. Wurno nan ne makwancin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tun 1837, Raba kuwa ita ta haifi Sardauna Ahmadu Bello. A irin wannan ƙasa, rawani alamar ilimi ne da sarauta da kamala. Amma tun bayan harin Tabanni a yankin Raba cikin Yulin 2018, da na kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021 inda aka kashe mutum sama da 40, ganin mutum a kan mashin ya rufe fuska sai gaba ya faɗi. 'Yan bindiga sun kore mana shanu, sun kuma ɓata mana sutura. Bawan Allah ya rufe hanci don mura, yara su hango shi su watse da gudu, masu tsaron gari su gyara riƙon bindiga. Gaba kura, baya siyaki.

Don haka ɗan'uwa, in ka doshi gari ko shingen jami'an tsaro, rage gudu tun daga nesa, ka ɗaga gilashi, ka sauke abin da ya rufe bakinka, ka yi sallama da ƙarfi. A nan ma kwano ya fi naɗi sauƙi, yatsa ɗaya ya isa a ga fuskarka. Sanyin minti biyu ba ya kisa, amma zato yana yi.

Hunturu baƙon wata uku ne, zai tafi ya bar mu da zafin bazara. Kai kuwa guda ɗaya Allah ya ba kowa, kuma akwai masu jiran dawowarsa gida. Allah ya kiyaye hanya, ya dawo mana da zaman lafiya a gabashin Sakkwato, amin.