Hannun da Ke Biya Min Kuɗin Makaranta

Wata safiya a zangon karatun da ya wuce, a teburin mai shayin da ke kusa da Ƙofar Jatau, kofi ya suɓuce daga hannuna ya faɗi ƙasa. Ba wanda ya bangaje ni. Na ɗauko shi ne da hannun dama kamar kullum, sai kawai yatsuna suka ƙi riƙewa. Mai shayi ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, barci ne bai ishe ka ba?" Aka yi dariya, ni ma na taya su. Amma a raina na tsorata, domin wannan hannun shi ke biya min kuɗin makaranta.

Waɗanda suka san ni a makaranta sun san sana'ata. Taifin nake yi. Tun ina shekarar farko ta difloma yayana ya bar min tsohuwar laftof ɗinsa, na fara buga wa 'yan ajinmu asaimen. Daga nan aka koma kawo min rahoton SIWES, sai furojet, sai kuma zanen gini a AutoCAD, wanda ya fi komai kawo kuɗi. Mahaifinmu ɗan fansho ne, mu tara ne a gabansa. Tun shekara biyu da suka wuce ban sake tambayarsa kuɗin rajista ba, kuma ba na ɓoye cewa ina alfahari da hakan.

Ofishina kuwa zauren gidanmu ne a cikin birni. Ba tebur, ba kujera. Tabarma nake shimfiɗawa, in ɗora laftof a kan 'yar kujerar tsuguno ta Inna, maus kuma in ɗora shi kan wani littafi mai kauri a ƙasa. Ka ga ke nan hannuna a miƙe yake can gefe, wuyan hannun a lanƙwashe, yana danne da gefen littafin. Tunda wuta ta fi zuwa da dare, aikina yakan fara bayan isha'i, wani lokaci sai kiran assalatu ke tashi na.

Abin ya faro ne da ɗan tsami a wuyan hannu, irin wanda kake yarfe hannu sau biyu ya wuce. Bayan wasu watanni sai na fara farkawa cikin dare in ji yatsuna sun sage, kamar kiyashi na yawo a cikinsu. Na je kemis aka ba ni man zafi da ƙwayar kashe ciwo. Inna ta ce sanyi ne ya kama ni, in daina kwana a zaure. Wani abokina ya ce, "Kai dai ka ji daɗi, ka kamu da ciwon manyan ma'aikata tun ba ka samu aiki ba." Ni ma haka na ɗauke shi. Saurayi mai jini a jika ya je asibiti ya ce kwamfuta ta ji masa ciwo? Ai abin kunya ne a unguwar da ake da masu dako da magina. Sai da kofin nan ya faɗi sannan na aje kunya na tafi.

Likitan da ya duba ni ya yi min tambayar da ta ba ni mamaki. Ya ce, "Ƙaramin yatsan fa, shi ma yana sagewa?" Na tsaya na yi tunani, na ce a'a, shi kam lafiyarsa lau. Sai ya ɗauki biro ya zana min a takarda. Ashe a wuyan hannu akwai wata 'yar ƙunƙuntar hanya tsakanin ƙananan ƙasusuwa da wata tantani mai tauri da ta rufe su. Ta nan jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da wata jijiya guda mai kai saƙon ji zuwa babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin na zobe. Ƙaramin yatsa wata jijiyar daban ce ke kula da shi, shi ya sa ya tsira. Idan wurin ya kumbura, ko aka daɗe ana lanƙwasa shi ana dannewa, sai jijiyar ta matsu. Ya ce ba kwamfuta kaɗai ke kawo wannan ba, ana samunsa ga masu ciwon suga da masu juna biyu, da duk mai aikin da ke maimaita motsi ɗaya. Nawa bai yi nisa ba. Amma in na yi wasa, naman gindin babban yatsa zai iya ramewa, har ta kai ga tiyata.

Ya rubuta min abin ɗaure wuyan hannu na kwana da shi, ya ce in gyara zama, in kuma huta. Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya min a wuya. A lokacin furojet bakwai ne a hannuna, biyar na riga na karɓi kafin alƙalami, na kuma kashe. Ga nawa furojet ɗin ko babi na uku ban gama ba. Wa zan ce wa ya ɗaga ranar difens ɗinsa don hannuna na ciwo?

A hanyar komawa gida na tuna wani dattijo mai zanen gine-gine da na yi SIWES a ofishinsa. A teburinsa akwai wani irin maus da ban taɓa gani ba, mai shuɗin ƙwallo a gefe, wanda ba ya motsa shi ko kaɗan. A da na ɗauka gayu ne kawai. Na koma na gaishe shi, na faɗa masa halin da nake ciki. Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, zauna ka gwada." Shi ma, in ji shi, ciwon kafaɗa da wuyan hannu ne suka kai shi gare shi.

Turawa na kiransa tarakbol, ni kuma maus mai ƙwallo nake ce masa. Ka ɗauka tsohon maus ne irin mai ƙwallo a ciki aka kifar da shi, ƙwallon ya dawo sama. Jikinsa na zaune wuri ɗaya, tafin hannunka na kwance a kansa, babban yatsa ne kaɗai ke murza ƙwallon, wata 'yar fitila a ciki tana karanta juyawarsa, kibiya ta motsa a allo. Ba jan hannu, ba ɗaga kafaɗa, ba goga wuyan hannu a gefen tebur.

Da na bincika sai na gano ya ma girmi maus ɗin da muka sani. Wani injiniya mai suna Ralph Benjamin ne ya ƙirƙiro shi a 1946, yana yi wa sojojin ruwan Ingila aikin na'urar hango jirage. A 1952 wasu injiniyoyi a Kanada suka ƙera nasu da ƙwallon wani wasa da ake gangarawa a ƙasa. Maus kuwa sai a 1968 Douglas Engelbart ya nuna wa duniya shi a Amurka. Yau iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai ƙaramin ƙwallo a gefe na babban yatsa, kamar Logitech M570 da ya fito a 2010, wanda shi ne na dattijon nan. Akwai kuma mai babban ƙwallo a tsakiya da ake murzawa da sauran yatsu, kamar Kensington Expert Mouse, wanda bahago da badame duk za su iya amfani da shi.

Na zaga shagunan PZ a Sabon Gari ban samu ba. Wasu ma ba su gane abin da nake nufi ba sai da na nuna hoto a waya. A ƙarshe wani mai kayan gwanjo ya ce zai sa a haɗo min da kayansa daga Ikeja. Kuɗin da ya faɗa ya kai ladan taifin furojet biyu cur. Kwana huɗu ina juya maganar. Abin da ya yanke min shawara shi ne lissafin da na yi na kuɗin data da na kashe a wata uku: ya fi kuɗin maus ɗin. Na ce, ashe zan iya ciyar da waya, in kasa ciyar da hannun da ke sayen wayar?

Kada in yi muku ƙarya, makon farko na yi da-na-sani. In nufi nan, kibiya ta tafi can. Layin da nake ja cikin daƙiƙa biyu sai in yi ta fama. Aikin awa ɗaya ya koma awa biyu, ga masu furojet na ta kira. Saura kaɗan in mayar wa mai shi in ce ya sayar min ko da faɗuwa. Dattijon ne ya ce in rage gudun kibiyar a saitin kwamfuta, in kuma koyi gajerun umarni na kibod don kada komai sai na danna maus. Zuwa mako na biyu yatsan ya gane hanya. Zuwa na huɗu, da maus ɗin da abin ɗaurin dare, na fara kwana ba tare da sagewar nan ta tashe ni ba.

Nan ne kuma na tafka wauta. Da na ji sauƙi sai na ɗauka na sayi magani, na koma kwanan zaune, har na ƙara karɓar aiki. Ba a yi kwana goma ba gindin babban yatsana ya fara zafi. Ciwon bai tafi ba, ƙaura ya yi. Duk wahalar da wuyan hannu ke sha a da, na tattara ta na ɗora wa yatsa ɗaya.

Wanda ya fahimtar da ni bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Kakana, da muke kira Baba Tsoho, maɗinkin hannu ne, irin waɗanda suka sa aka san birnin Zazzau da aikin babbar riga. Ya yi shekaru fiye da hamsin yana fitar da aska biyu da aska takwas a wannan zauren da nake aiki. Wata asuba ya fito zai tafi masallaci ya same ni ina matsa yatsa. Ya ɗauki maus ɗin ya jujjuya, ya murza ƙwallon, ya ce, "To, angon ƙarfe, amaryar taka ma ta cije ka?"

Na ce, "Baba Tsoho, kai da ka shekara hamsin da allura, yaya hannunka bai mutu ba?"

Ya miƙo min hannun. Yatsun sun ɗan karkace, kan manunin ya yi kanta, amma har yau yana zura zare. Ya ce, "Mu rana ce ke ba mu aiki, ita ke karɓewa. In haske ya tafi, an tashi. Ladan ya kira, an tashi. Baƙo ya yi sallama, an aje allura an gaisa. Riga ɗaya sai ta ci wata uku, mai ita kuma ya jira. Kai kuwa ka sami fitilar da ba ta faɗuwa, ka zauna kamar an dasa ka. Ko jaki ana sauke masa kaya ya sha ruwa."

Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita. Maganar da likita ya faɗa min ce, wadda na tsallake na ɗauki mai sauƙin, wato sayen kaya.

Ga abin da na canza. Na sa kafinta ya haɗa min ɗan tebur daidai tsayin gwiwar hannuna in na zauna a kujera, yadda hannun zai kwanta a miƙe ba lanƙwasa. Maus ɗin na matso da shi kusa da jiki. Na sa ƙararrawa a waya duk rabin awa, in ta buga in miƙe, in buɗe yatsu, in zaga tsakar gida. Ƙarfe ɗaya na dare nake rufe laftof ko da wuta ko babu. Mafi wuya, na mayar wa mutum biyu kuɗinsu na ce ba zan iya ba. Ɗaya ya fahimta, ɗayan har yau ba ya amsa gaisuwata sosai. Sannan na koya wa ƙanwata taifin, tana buga rubutun, ni ina yin zane da gyara, muna raba kuɗin. Abin da nake samu ya ragu. Amma na biya rajista, na kuma kare furojet ɗina da hannuna.

Ga mai sha'awar saye, maus mai ƙwallo na da daɗin sha'ani a irin rayuwarmu. Ba ya bukatar fili, yana aiki a kan katifar hostel, a kan cinya, ko a ɗan gefen benci. Nawa batir ɗaya yake ci, irin na agogon bango, yana kuma daɗewa. Abokin gabarsa ƙura ce. Da hunturu, in ka ji ƙwallon na cijewa, tura shi ta ramin ƙasa ya fito, ka goge 'yan ƙananan duwatsu ukun da yake zaune a kansu da tsumma mai laushi, ka mayar. In da hali, gwada na wani kafin ka saya, don ba kowane hannu yake karɓa ba. Mai ciwon babban yatsa gara ya nemi mai ƙwallo a tsakiya.

Wanda ba shi da kuɗin kuma kada ya damu. Gyara zama, miƙe wuyan hannu da tashi duk rabin awa ba a sayen su, kuma su suka fi yi min aiki. Amma duk wanda yatsunsa ke sagewa cikin dare, ko abu ke suɓuce masa, ya wuce kemis ya je ya ga likita. Na san ba ni kaɗai ba ne. Tunda na fara ba da labarin nan, mutum huɗu a sashenmu sun ja ni gefe sun ce su ma haka suke ji. Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai, kafin lokacin furojet na bana, ta gayyato likitan gashi ya yi mana bayani ko na awa ɗaya ne.

Har yanzu in na wuce gona da iri hannun yakan tuna min. Jiya ma ƙararrawa ta buga ina tsakiyar wani zane, na ce bari in ƙarasa layin nan. Sai na ji Baba Tsoho daga ƙofar zaure yana cewa, "Ango, an kira ka." Na aje, na tashi.