Wa Za Mu Tura Ya Wakilci Daura?

Mai karatu, wani ɗan abu ne ya faru a tsakar gidanmu a Sandamu lokacin hutun Babbar Sallar shekarar 2025, wanda har yau bai bar zuciyata ba, shi ya sa na ga ya dace in kawo maka shi.

Ɗan yayata da ke karatu a Kano ne ya zo mana sallah da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Tun da ya sauka, in dai an samu caji, to yana ɗaki ya ƙura mata ido. Ranar nan bayan isha'i na leƙa da niyyar in yi masa faɗa, sai na ji muryar mace tana Hausa daga cikin na'urar. Na ce, "Kai, wane fim ne wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai Sarauniya Amina ce, ita na zaɓa."

Ashe wasa ne na dabarun mulki mai suna Civilization, wanda wani Ba'amurke, Sid Meier, ya fara fitarwa a 1991, na bakwai kuma ya fito a watan Fabrairun 2025. Mutum zai zaɓi wani shugaba na tarihi, ya kafa gari, ya yi noma da ciniki da neman ilimi, in ta kama ya yi yaƙi, har ya ga ko daularsa za ta ɗore. Ya ce a na huɗu, na 2005, an sa Mansa Musa na Mali, a na biyar kuma, na 2010, an sa Askiya na Songhai. A na bakwai ne aka kawo Amina ta Zazzau, aka ba ta baiwa biyu: dakarunta sun fi ƙarfi a fili da hamada, kuma kayan ciniki sun fi kawo mata zinariya. Sai dai da ya duba jerin al'ummomin bai ga Hausawa ba, don haka ya ɗora ta a kan Aksum ta ƙasar Habasha.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko daɗi na ji, domin kuwa ga harshenmu a bakin sarauniya cikin wasan da ake yi daga Amurka har Sin. Amma kafin in zauna kishi ya biyo baya. Na ce yaya za a tsallake uwa a ɗauko ɗiya? Ai Zazzau ɗaya ce cikin Hausa Bakwai, tushen kuwa kowa ya san Daura ne.

Ɗiyata, wadda ke aji biyu na ƙaramar sakandare, tana bakin ƙofa tana jinmu. Sai ta ce, "To Baba, da kai suka tambaya, wa za ka ba su?"

Nan muka fito tsakar gida muka shimfiɗa tabarma, aka ɗauko takarda. Yaron ya ce wasan yana da ƙa'ida: ana son shugaba ɗaya, da gini na musamman, da mayaƙa na musamman, da baiwar da al'ummar ta fi kowa. Uku daga ciki ba su ba mu wahala ba. Gini dai rijiyar Kusugu. Mayaƙa kuwa 'yan lifidan da muke gani a hawan Sallar Gani. Baiwa ma magabata sun riga sun raba ta tun kafin a san kwamfuta, domin a labarin 'ya'yan Bawo an ce Kano da Rano su ne sarakunan baba, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi, Daura da Katsina kuma sarakunan kasuwa. Muka rubuta kasuwa.

Wajen shugaba ne aka yi ta ta ƙare. Ni ban yi wata-wata ba na ce Bayajidda, tunda shi ya kashe macijiya, ga shi kuma da takobi, abin da irin wannan wasa ke so. Ɗiyata ta ce ita ba ta yarda ba, ai baƙo ne daga Bagadaza, a kan gadon sarauta ya tarar da Daurama, kuma ita ce ta taso da mutane daga Tsohon Birni zuwa inda Daura take a yau. Yaron ya ce shi ya fi son wanda ake da shekarunsa a rubuce, kamar Malam Musa da ya dawo da sarautar gidansu cikin Daura a 1906 bayan shekaru masu yawa tana Zango, ko Sarki Abdurrahman da ya yi shekara 55 yana mulki, daga 1911 zuwa 1966. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, in Daurama ce, me za mu rubuta a ƙarƙashin sunanta? Ita Amina ai Tarihin Kano ya ambace ta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi maganarta a Infaƙul Maisuri, ga kuma ganuwoyin da ake kira da sunanta."

Na buɗe baki in ba shi amsa, sai na tarar abin da na sani game da Daurama bai wuce jimla uku ba. Mai karatu, shekarata ashirin ina koyarwa, zan iya lissafo maka sarakunan Ingila da na haddace don jarrabawa, amma ga ni a gaban ɗiyata na kasa cika rabin shafi a kan matar da garinmu na gado ke ɗauke da sunanta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da yarinyar ta ce ita ba ta ma taɓa ganin Kusugu ba, alhali daga Sandamu zuwa Daura ɗan taƙi ne a kan babur. Laifin wa? Ba na Turawan da suka yi wasa ba dai. Su abin da suka tarar a rubuce suka ɗauka.

Duk wannan gardama Inna tana gefe tana jan carbi. Can sai ta ce, "Ku duka kun manta da Ayana." Yaron ya ce wace ce kuma haka? Ta harare shi irin na kaka da jika ta ce, "Kai angon nan nawa, boko ya cinye ka. Tsohuwar da ta sauki baƙon mana. Ita ya roƙa ruwa, ta ce babu, sai ranar Juma'a macijiya ke bari a ɗiba. Da ta rufe masa ƙofa, da wane ne zai san akwai wata rijiya? Wanda bai taɓa ɗaukar tulu ba shi ke zaton labarin takobi ne. Labarin ruwa ne." Daga nan ta shiga ba mu labarin yadda take fita da asuba da guga tana amarya, a rijiyar da sai an haɗa igiya biyu lokacin bazara.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce wallahi a cikin wasan ma abin da gwani ke fara dubawa kafin ya kafa gari shi ne ruwa, wanda ya kafa nesa da shi yana tare da wahala. Inna ta ce, "To ka gani, su ma sun sani."

Ba mu daidaita a daren ba. Yaron ya koma Kano yana kan bakansa, ɗiyata tana kan Daurama, ni kuwa na janye Bayajidda ban kuma sa kowa a gurbinsa ba. Amma ranar Asabar ɗin da ta biyo na goya yarinyar a babur muka je Kusugu, ta leƙa, aka ɗebo mata ta sha. Tun daga ranar ta ware littafi guda, duk dare tana zama gaban Inna tana rubuta abin da ta ji, har ta kusa cika shi. Ta ce in wata rana an zo neman wanda za a sa, ba za a tarar da rabin shafi ba.

To mutanen Kano, Bagauda za ku tura ko Rumfa? Katsinawa fa, Korau ne ko Dikko? Kafin ka ba da amsa, mai karatu, gwada ɗaukar takarda ka ga layi nawa za ka iya rubutawa a kan wanda ka zaɓa. In tsohuwarku tana raye, je ka zauna gabanta tun yau. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu gama da namu lafiya.